Wa Yake Ɗaga wa Tsumma?

Wani dare muna aikin wata manhajar karatu ta ɗalibai, mu uku a ɗan ofishinmu, janareto na ta ƙugi a waje, sai muka buƙaci hoto mai nauyi da za mu gwada yadda za ta buɗe a waya marar ƙarfi. Aikin masu rubuta manhaja ke nan a ƙasar nan: kullum hankalinka na kan mai ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu. Ɗayanmu ya jawo wani tsohon zanen fenti daga intanet, muka matse shi, muka sake matsewa, har ya koma bai fi kwalin ashana ba a fuskar waya. Mutane ne jibge a kan wasu katakai a tsakiyar teku, waɗansu sun mutu, waɗansu da sauran numfashi, can sama kuma wani baƙin mutum ya ba mu baya yana kaɗa ƙyalle. Ƙaraminmu ya leƙo ya ce, "Oga, wannan wa yake ɗaga wa tsumma? Ai ba kowa a gabansa." Muka yi dariya, muka ci gaba da aiki.

Washegari muka nemi labarin zanen, don tambayar ta tsaya mana a rai. Ashe ainihinsa ya kusa mita 5 a tsaye, ya ɗara mita 7 a kwance, wato ya fi bangon ɗakin da muke ciki. Wani saurayi Bafaranshe, Théodore Géricault, ya gama shi a 1819, yau yana rataye a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. So yake duk wanda ya tsaya gaban zanen ya ji kamar ƙafarsa na kan katakan, ruwa na shirin cin sa. Mu kuma ga shi mun riƙe shi da hannu ɗaya muna shan shayi da ɗayan. Labari biyu ne suka haɗu a tafin hannun namu. Ɗaya na yadda aka yi marar sarauta marar dukiya ya samu damar ganin irin waɗannan ayyuka. Ɗayan na wani tunani da ya cika Turai wajen shekaru ɗari uku da suka wuce, cewa akwai abin da ya fi kyau ƙarfi a zuciyar mai kallo. Kusan tare suka taso.

Kada mu ɗauka talakan Turai bai taɓa ganin zane ba kafin a gina gidajen tarihi. Yana gani a coci, a bango da rufi, yana wuce gumakan dutse a dandalin gari. Abin da aka kulle masa shi ne taskar sarakuna da manyan limaman coci da attajirai. Shiga irin wannan wuri sai da wasiƙa daga wani babba, da tufafin da suka dace, da ɗan abin goro na baran da zai buɗe ƙofa. A 1683 jami'ar Oxford ta buɗe gidan Ashmolean, inda duk mai kuɗin shiga zai shiga. Wani malami Bajamushe, Zacharias von Uffenbach, ya ziyarce shi a 1710 ya fita ransa a ɓace: ya tarar da mutanen ƙauye suna taɓa komai da hannu, har mata ma an bar su sun shigo a kan sisi. Mu riƙe wannan ƙorafi nasa, za mu sake jin sa daga wasu bakunan. A Rum, Fafaroma ya buɗe wa jama'a tarin gumakan Capitoline a 1734. A Faris an fito da wasu zane-zanen sarki a fadar Luxembourg a 1750, kwana biyu a mako, aka rufe a 1779.

Wanda ya fi ba mu dariya, mu da sana'armu ita ce tsara wa mutane hanyar shiga, shi ne gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Asalinsa kayan wani likita ne, Hans Sloane, abu sama da 71,000: littattafai, busassun tsirrai, tsoffin kuɗi, ƙwari, da duk abin da jiragen ruwa suka kwaso. Wani ɓangare na dukiyar da ya tara su da ita daga gonakin raken Jamaika ya fito, inda bayi 'yan Afirka ke aiki. Da ya mutu a 1753 majalisa ta karɓi kayan a kan fam 20,000, ta tara kuɗin ta hanyar caca, aka buɗe gidan ranar 15 ga Janairu 1759. Shiga kyauta ne, in ji doka. Ga yadda kyautar take: za ka je wurin mai gadi ka rubuta sunanka da matsayinka da inda kake zaune, ka tafi, a duba ko ka cancanta, ka dawo wata rana ka karɓi tikiti, ka sake dawowa ranar da aka sa maka. Wani lokaci jiran yakan kai makonni. In kun shiga, jami'i zai kora ku daga ɗaki zuwa ɗaki kamar mai kora awaki kasuwa. Wani mai sayar da littattafai daga Birmingham, William Hutton, ya je a 1784. Sai da ya sayi tikiti a bayan fage a kan sule biyu, kuma cikin kamar rabin sa'a aka fito da su, ba wanda ya yi musu bayanin komai. Duk wanda ya taɓa gina manhaja ya san wannan dabara. In kana son mutane su daina zuwa ba sai ka rufe ƙofa ba, ka ƙara matakan rajista uku, su za su kori kansu. Leburan da ake biya kuɗin yini ba zai bar aiki sau uku don ya ga busasshen kada ba.

Shekara biyu kafin a buɗe wannan gida, a 1757, wani matashi ɗan Ailan mai shekara 28, Edmund Burke, wanda daga baya ya yi suna a siyasa, ya fitar da littafi a kan bambancin abu mai kyau da abin da Turawa ke kira sublime. Maganar tsohuwa ce. Akwai wani ɗan littafin Girkanci, an fi zaton na ƙarni na farko ne bayan haihuwar Annabi Isa, ana jingina shi ga wani Longinus, a kan irin zancen da ke fizge mai sauraro daga hayyacinsa kamar tsawa. Boileau ya mayar da shi Faransanci a 1674, daga nan ya bazu. Sannu a hankali maganar ta tashi daga kalmomi ta koma kan duwatsu. Da can tsaunukan Alps abin gudu ne, hanya ce mai wahala da ake addu'ar a wuce lafiya. 'Ya'yan attajiran Ingila da ake turawa Italiya yawon buɗe ido su suka fara dawowa suna cewa sun ji wani irin daɗi a bakin ramukan nan masu ban tsoro. John Dennis, wanda ya tsallaka a 1688, yana cikin na farko da suka rubuta haka.

Mun daɗe muna juya yadda za a ce da abin a Hausa, muka ga kwarjini ya fi kusa, duk da mun fi faɗin sa a kan mutum. Kyau jan ka yake yi ka matso. Kwarjini tsayar da kai yake, bakinka ya mutu, tsigar jikinka ta tashi, ka ji ka ƙanƙance, amma ka kasa kau da ido. Waɗanda suka yi nisa a Larabci sun san jamal da jalal, kusan rabon ke nan. Mu tuna hadarin farkon damina in ya haɗo daga gabas, sama ta yi ja ta koma baƙi ƙirin, gari ya yi tsit. Wanda abin ya rutsa da shi a gona tsoro kawai yake ji. Wanda ke tsaye a bakin zaure wani abu dabam yake ji, tsoro da daɗi a cakuɗe. Ko jahi ranar hawan sallah, dawakai sun taho a sukwane kamar za su bi ta kan kowa, su ci burki cikin ƙura, 'yan kallo su ɗauki shewa. Wannan shi ne zuciyar abin da Burke ya ce: haɗari ne da ake gani daga inda ba zai taɓa ka ba. Ya lissafa abubuwan da ke kawo shi, duhu, girma, ƙarfi, ƙara, abin da ba a ganin iyakarsa. Kyau kuwa, a wurinsa, yana tare da ƙarami, mai santsi, mai laushi. Ya kawo misali mai ɗaci: a shirya wasan kwaikwayo mafi ban tausayi da 'yan wasa mafiya ƙwarewa, a cika zaure, sannan a yi shela cewa za a kashe wani babban mai laifi a dandalin da ke kusa, nan take zauren zai watse.

Abin da ya sa wannan tunani ya shafi maganar ƙofa shi ne, Burke a jiki ya ajiye shi, a jijiya da ƙwayar ido. In haka ne, ba sai ka iya Latin ba, ba sai ka san sunayen allolin Girka ba. Ɗan dako da ɗan sarki tsigar jiki ɗaya suke da ita. Immanuel Kant, malamin falsafa na Königsberg, ya ɗauki maganar ya ƙara mata zurfi a 1790. Ya ce iri biyu ne: abin da girmansa ya fi ƙarfin aunawa, kamar taurari, da abin da ƙarfinsa ya fi ƙarfin turewa, kamar guguwar teku. A ganinsa daɗin yana zuwa ne lokacin da ido ya gaza amma hankali ya gane cewa shi yana iya riƙe tunanin abin da ba shi da iyaka. Sai dai ya mayar da ƙyauren da Burke ya ɗan tura. Ya ce sai wanda aka tarbiyyantar da tunaninsa zai ji haka, ga wanda ba a goge ba abin tsoro ne kawai, ya kawo misalin wani manomin tsaunukan Savoy da ke kiran masu sha'awar hawa ƙanƙara wawaye. Mu dai muna ganin manomin da gaskiyarsa, shi ya san wanda dutsen ya ci.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba. A wani littafinsa na 1764 a kan wannan batu, Kant ya bi al'ummu ɗaya bayan ɗaya yana raba musu daraja, da ya iso kan baƙaƙen Afirka ya ce halittarsu ba ta da wani ji da ya wuce na shirme. Mutumin da bai taɓa yin nisa da garinsu ba, bai ga Alps ɗin ba, balle Afirka. Shi ma Burke, da yake son ya nuna cewa baƙi abin tsoro ne a halitta, labarin wani yaro ya kawo da aka yi wa aikin ido ya fara gani, wai ya firgita da ya ga wata baƙar mace. Wato a littattafan da suka kafa maganar, mu muna cikin abin da ake tsoro, ba mu cikin masu kallo. Mun karanta su duk da haka, don akwai abin ɗauka a ciki, amma da wannan a ranmu.

A Faransa ƙofar ta wani gefe ta fara tsagewa. Daga 1737 ƙungiyar masu zane ta sarki ta riƙa baje sababbin ayyukanta a wani zaure na fadar Louvre, kyauta, kowa ya shigo. Mai sayar da kifi da matar hakimi suna gogayyar kafaɗa gaban zanen jirgi na nutsewa. Sai juyin juya hali ya zo. An fille wa sarki Louis na 16 kai a Janairun 1793, ranar 10 ga Agusta na shekarar kuma, cikar shekara guda da rushe sarautar, aka buɗe fadar a matsayin gidan jama'a da zane 537, na sarki da na coci da na manyan da suka gudu. Wannan karon ba alfarma ba ce, cewa aka yi kayan na al'umma ne. Ko da yake a makon juyin, mai kwana goma, kwana uku kacal aka ware wa jama'a, mafi yawan sauran na masu koyon zane ne. Da Napoleon ya fara yaƙe-yaƙensa gidan ya cika da ganima: dawakan tagulla daga Venis, gumaka daga Rum, keke bayan keke. An buɗe wa wata jama'a ƙofa da kayan da aka ƙwace wa wata. Bayan faɗuwarsa a 1815 an mayar da da yawa, amma wani ƙaton zanen walimar aure na Veronese da aka ciro daga Venis yana nan har yau, yana fuskantar Mona Lisa.

A wannan gida aka fara nuna zanen namu. A watan Yunin 1816 jirgin ruwan yaƙi mai suna Méduse ya tashi daga Faransa zuwa Senegal, don a karɓi garin Saint-Louis daga hannun Ingilishi. Kyaftin ɗinsa, de Chaumareys, ya yi wajen shekara ashirin bai ja jirgi ba, biyayyarsa ga gidan sarautar da aka dawo da shi mulki ita ta ba shi muƙamin. Ranar 2 ga Yuli ya kafe jirgin a kan yashi a gaɓar Muritaniya. Mutum kusan 400 ne a ciki, ƙananan kwale-kwalen ba su isa ba. Manya suka shiga kwale-kwale, aka harhaɗa katakai aka ɗaure da igiya aka ɗora wa wajen mutum 147, da alkawarin za a ja su zuwa gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Kwana 13 suna yawo a ruwa, ƙishirwa, faɗa, jefa raunana a teku, har cin naman gawa. Mutum 15 aka tarar da rai, biyar daga ciki suka mutu ba da daɗewa ba. Biyu daga waɗanda suka tsira, Corréard da Savigny, suka buga labarin a littafi, ƙasa ta ɗauka.

Géricault ya zauna da su, ya sa aka ƙera masa ƙaramin samfurin katakan, ya riƙa zuwa asibiti yana zana gawarwaki. Da aka rataye aikin a bajekolin 1819, sunan da aka sa masa a takardar jagora bai ambaci jirgin ba, zanen haɗarin jirgi kawai aka ce. Amma duk wanda ya shigo ya san zancen. Ga misalin Burke ya tabbata: bala'i na gaske, na jiya-jiya, wanda laifin gwamnati ne, an kawo shi cikin fada, talaka yana kallo daga inda ruwa ba zai taɓa shi ba. An ba mai zanen lambar yabo, gwamnati ta ƙi sayen aikin. Ya naɗe abinsa ya kai Landan a 1820, inda wajen mutum 40,000 suka biya sule ɗai-ɗai suka gani. Sai bayan ya mutu a 1824, yana da shekara 32, Louvre ta saya.

Wannan sulen yana da muhimmanci. A ganinmu mai neman kuɗi ya riga gwamnati gane cewa talaka na son abin da zai girgiza shi. Robert Barker ya yi rajistar wata dabara a 1787: zane ɗaya da ya kewaye ɗaki mai da'ira, ka tsaya a tsakiya duk inda ka juya gari ne ko fagen yaƙi. John Martin ya zana tashin duniya, duwatsu na kifewa a kan birane, aka yi ta yawo da ayyukan gari-gari a Birtaniya bayan mutuwarsa a 1854, har Amurka. A Niyok a 1859 mutum sama da 12,000 suka biya santi 25 don su ga zanen tsaunukan Andes na Frederic Church a ɗaki mai labule, wasu da tabaran hangen nesa. Masana na lokacin sun raina Martin, suka ce hayaniya ce ta 'yan kasuwa. Uffenbach ne ya sake magana. Daga waɗannan ɗakuna zuwa silima tafiyar ba nisa.

Gidajen gwamnati suna biye a hankali. An kafa zauren zane na ƙasa a Landan a 1824 da zane 38 da aka saya kan fam 57,000, aka mayar da shi dandalin Trafalgar a 1838, tsakiyar gari, kyauta. A 1850 mai kula da shi, Thomas Uwins, ya kai kuka gaban kwamitin majalisa: mutane na shigowa fakewa ruwan sama, 'yan ƙauye na baje kwandon abinci a tsakiyar zaure, da ya yi wa wasu magana wata mata ta miƙa masa giya. An yi ta muhawarar a ɗauke zanen a kai bayan gari inda hayaƙi da numfashin jama'a ba za su ɓata su ba. Ba a ɗauke ba. Henry Cole ya buɗe gidan South Kensington a 1857, ya sa fitilun gas don ma'aikaci ya zo da dare bayan an tashi. Ranar Lahadi kuwa, ranar da ita kaɗai lebura ke hutu, sai 1896 aka yarda a buɗe gidajen gwamnati. Shekara 137 ke nan daga ranar da aka ce kyauta ne.

Kuma an koyi wata sabuwar dabara. Aka riƙa gina gidajen kamar wuraren bauta, da manyan ginshiƙai da matakala, irin wanda aka buɗe a Balin a 1830. Kana shiga muryarka za ta sauka da kanta. Kwarjinin ya tashi daga zane ya koma kan gini da mai gadi. Da Pierre Bourdieu da abokin aikinsa suka yi bincike a shekarun 1960 suka tambayi masu ziyara abin da gidan tarihi ke tuna musu, yawancin ma'aikatan ƙarfi coci suka ce.

Kyamara da injin buga takarda su suka bi ta bayan gida. Walter Benjamin ya rubuta a shekarun 1930 cewa in aka iya buga aiki sau dubu, wani abu na kasancewarsa guda ɗaya a wuri ɗaya yana bushewa. Amma abin bai tafi a miƙe ba. Da aka sace Mona Lisa a 1911, jaridu suka yi ta buga hotonta, mutane suka yi layi don su ga gurbin da ta bari a bango. Yawan kwafi ƙara wa asali farin jini ya yi. A 2018 mutum sama da miliyan 10 suka shiga Louvre. Sai zamaninmu: a Fabrairun 2011 Google ya fara sa hotunan ayyuka daga gidaje 17, a 2017 gidan Metropolitan na Niyok ya saki hotuna 375,000 kowa ya yi yadda ya so da su, a 2022 gidan Rijksmuseum na Holan ya fitar da hoton wani zanen Rembrandt mai ɗigo biliyan 717. Ba tikiti, ba mai gadi, ba wanda zai duba takalminka.

Mun san abin da ke faruwa da hoto kafin ya iso wayarka, don mu ke yi masa. Da farko a rage girmansa, ɗigo da yawa su narke su zama ɗaya. Sannan tsarin JPEG, wanda ake amfani da shi tun 1992, ya yanka shi gida-gida, takwas sau takwas, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da aka yi hasashen ido ba zai lura da su ba. Wuraren duhu su suka fi shan wahala, musamman a waya mai araha a tsakar rana. Mu koma jerin Burke: girma, duhu, rashin iyaka a gefe guda, ƙanƙanta da santsi a ɗayan. Waya duk abin da ka ba ta sai ta mayar da shi ƙarami mai santsi, a bayan gilashi, tsakanin saƙon banki da hoton biki. Ba za mu yi mata butulci ba, tana ba da abin da mai tsaye a Faris ba ya samu: ka zuƙo har ka ga tsagar fenti da sawun buroshi, ka daɗe yadda kake so. Amma ba ta iya sa ka ɗaga kai sama.

To in mutum ya ce gani ya kori ji, zai je ya tsaya gaban abin da kansa? Zai rubuta sunansa da matsayinsa da inda yake zaune, ya haɗa da takardar banki, ya biya yuro 90 na biza da ba a mayarwa, ya tafi, a duba ko ya cancanta, ya dawo wata rana. William Hutton zai gane layin. Abin da ya fi ciwo, wani lokaci kayan gida za a je gani. Tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, wajen 900 suna gidan tarihin Birtaniya. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen gwamnatin ƙasar. Da aka mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26 na fadar Abomey a 2021, aka baje su kyauta a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a 2022, kusan mutum 200,000 suka je cikin watanni uku. Da Kant na da rai da an kai shi ya ga layin.

Namu laifin ma mu faɗa. Gidan tarihin Jos yana nan tun 1952 da kawunan yumɓu na Nok, na Legas tun 1957, na Yamai tun 1959, ga Gidan Makama a Kano. Kuɗin shigarsu bai kai na datar mako ba. A cikinmu ukun nan ba wanda ya sake taka ɗaya tun ziyarar makarantar firamare. Adon da magina ke yi a fuskar gidaje a Zariya da Kano da Damagaram kuwa tun asali titi yake kallo, ba ya neman tikiti, muna gani siminti na cinye shi.

Ranar da muka gama karanta labarin Méduse muka sauko da hoton da cikakken girmansa, muka buɗe a babbar kwamfuta, muka kira ƙaramin namu. Mutumin da ke kaɗa ƙyallen, wanda ya tsaya aka zana shi sunansa Joseph, daga Haiti ya zo Faris, ya yi wasan tsalle-tsalle kafin ya koma tsaya wa masu zane. Shi Géricault ya ɗora a saman kowa. Muka bi hannunsa zuwa gefen dama, inda ruwa ya haɗu da sama, muka zuƙo, muka ƙara zuƙowa. Ga wani ɗan ɗigo kamar ƙuda ya sauka a bango. Jirgin Argus ne. A ranar 17 ga Yuli 1816 sun hango shi, suka yi ta kaɗa tsumma, ya ɓace musu, sai bayan kamar sa'o'i biyu ya dawo ya same su. Lokacin hangen farko aka zana, sa'ad da ba wanda ya san ko an gan su. A namu kwafin na kwalin ashana, lissafi ya haɗa ɗigon da maƙwabtansa ya mayar da shi launin teku.

Yaron ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a bar wannan hoton da nauyinsa, a sa gargaɗi a ƙasa cewa zai ci data. Muka sa.